Fiton da Ya Bi Kawu Ƙungiya Goma Sha Uku

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, ko da mutum ya zauna ƙasa bakwai kafin ranar ta zo. Kawu, mijin gwaggona, ya rasu a nan Doha makonni kaɗan bayan an watse daga gasar cin kofin duniya. Na zauna rubuta wannan ne don bai bar ɗa ko jika ba, kuma na ga yadda garin nan yake saurin manta mutum.

Ranar sadakar uku falon Gwaggo da ke unguwar Old Airport bai ɗauki jama'a ba, sai da muka shimfiɗa tabarmi har kan matakala. Wani dattijon Balarabe mai dogara sanda, wanda ya taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar da Kawu ya bugawa ta ƙarshe, ya zauna yana girgiza kai.

"Shekara ɗaya muka rubuta masa," in ji shi. "Na rantse wa abokan aikina ba zai kai bazara ba, don mun ji labarinsa, ba ya zama. Ga shi a ƙasarmu muka binne shi."

Kusa da ƙofa akwai wani ƙaton mai gadi ɗan Zongon Kumasi, yana kuka kamar uwarsa ce ta mutu. Duk wanda ya ba shi haƙuri sai ya ɓalle maɓallin riga ya nuna tabon tiyata a ƙirjinsa. Ya ce wata Juma'a suna buga ƙwallon nishaɗi ya ɗan dafe ƙirji, ya ce ba komai, gajiya ce. Kawu ya ɗauke ƙwallon ya rungume, ya ce ba mai sake taɓa ta sai an kai shi asibiti. Har zaginsa Kawu ya yi a ranar. Likita kuwa ya ce da ya ƙara kwana biyu sai dai gawarsa.

'Yan uwana direbobi suka shiga gardama a kan ƙungiya nawa marigayin ya bugawa. Wani ya ce tara, wani ya ce ta kai ashirin. Sai muryar Gwaggo ta fito daga bayan labule, a dashe:

"Goma sha uku. Ni nake wanke rigunan duk shekara."

Wani koci ɗan Sudan da suka yi aiki tare wajen horar da yara ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai ɗaya ne. Shekarunsu goma sha wani abu a fili ɗaya, bai taɓa ganin Kawu ya hura usur ba. Da tafi yake tsayar da wasa, da tafi yake farawa. Ya tambaya ko akwai wanda ya san dalili. Ni na sani, amma wurin ba na faɗa ba ne.

Kawu mutumin Brazil ne, baƙi wuluk, daga wani gari na bakin teku a arewacin ƙasar. Mai tsaron baya ne, dogo, gwiwarsa ta dama tana ƙara in zai zauna. Gwaggo kuwa yayar mahaifina ce, 'yar Zariya. Bayan mijinta na fari ya rasu ta zo Doha aikin girki a gidan wani babba a ƙungiyar da Kawu yake bugawa a lokacin. Wata rana aka tara 'yan wasa cin abinci a gidan, ta soya ƙosai da manja don man gyaɗa ya ƙare mata. Ta ce sai ga wani dogo ya biyo ƙamshi har kicin, ya ɗauki ɗaya da zafinsa ya ci, ya tsaya hawaye na zuba. Ta zaci yaji ne, ta miƙa masa ruwa. Ashe irin wannan ƙosan kakarsa take soyawa a bakin titi a garinsu, da manjan da komai. Shekara biyu yana zarya kicin ɗin nan. Ya musulunta, aka ɗaura, daga baya suka sauke farali tare. Tun daga nan take kiransa Alhaji.

A bakinta ya koyi Hausa, shi ya sa Hausarsa ta mata ce. Ranar da na sauka Doha ya tare ni a filin jirgi, ya rungume ni ya ce, "Sannu da zuwa, kin sha hanya!" In ya yi tuntuɓe sai ka ji "Wayyo ni 'yasu!" daga bakin ƙato mai furfura. A nan zan gyara masa maganarsa, don kada a yi dariya inda ba wurin dariya ba.

Yana da ɗabi'u da na daɗe ina ɗauka tsufa ne kawai. Akwai wata jakarsa ta fata a saman durowa, kullum a ɗaure, da kaya kala biyu da takalmi a ciki, shekara ashirin da ɗoriya a gida ɗaya. Ba ya son shiru. Rediyo a kunne, ko ba ya jin yaren. Sannan ba ya yarda gefensa na hagu ya zama fayau. A masallaci ba ya tsayawa ƙarshen sahu ta hagu. In muna tafiya a ƙasa sai ya kama kafaɗata ya mai da ni hagunsa. A mota gaba yake zama, kusa da direba, ko da akwai wanda ya girme shi.

Labarin ƙungiyoyinsa kuwa ba ya ba da shi a jere. In Gwaggo ta fito da rigunan shanya sai ya ɗaga ɗaya ya ce, wannan ta garin masunta ce a Fotugal, ɗakin canza kayansu ƙarnin kifi yake yi har a ranar idi. Wannan ta wata ƙasa ce mai ƙanƙara, inda ake buga ƙwallo ruwan lemo don a gan ta, kuma ya yi wata huɗu bai ji yatsun ƙafarsa ba. Wannan ta Tunisiya ce, inda ya fara jin kiran sallar asuba ya fito da gudu da gajeren wando yana zaton gobara. Wata ta Saudiyya, wasu huɗu na ƙasarsu. Bai taɓa cin babban kofi ba. Sau ɗaya ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe, shi kuma ya tattara ya gudu saura kwana shida.

"Me ya kore ka, Kawu?" na tambaye shi.

"Wurin ya ishe ni."

"Saura kwana shida?"

"Yalla, yi maza ka kama min wannan mu ninke."

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa. Na zo musu yini, ina wanke mota a ƙofar gida da hantsi, ina fito abina. Ban ga fitowarsa ba. Sai jin bokiti na yi ya tashi sama, ya yi masa shuri ɗaya da ƙafar nan mai ciwo, ruwan sabulu ya wanke min fuska. Ya tsaya yana haki, yana magana da yarensu. Sannan ya ce da Hausa, "Kada ka sake. A gidana kada ka sake."

Na ji ciwo ƙwarai, don ni magidanci ne mai 'ya'ya uku a gida. Na yi wata biyu ban taka gidan ba. Gwaggo ta kira ni ta ce ai ko a Zariya an hana mu fito, kiran iskokai ne. Na ce ba a hana da shurin bokiti ba. Ba mu shirya ba sai da korona ta shigo.

Otal ɗin da nake tuƙi a West Bay ya sallame mu rabi. Aka ce mu bar masauki, jirage kuma ba sa tashi. Ina zaune kan akwatina a harabar ginin sai ga Kawu da takunkumi har ƙarƙashin ido. Ban san wa ya gaya masa ba. Bai yi maganar bokiti ba, ni ma ban yi ba. Ya ɗauki akwatin ya ce, "Khalas, zance ya ƙare. Gwaggonka ta gyara maka ɗaki." Shi ya yi ta safa da marwa har kafil ɗina, wanda takardun zamana suke hannunsa, ya yarda na koma tuƙin kai abinci gidaje.

A wannan zaman na ga Kawu ya soma canzawa. Doha gari ne da ba ya shiru: injin haƙa, manyan motoci, ƙarar gini ta ko'ina. A watannin kulle unguwarmu ta yi tsit. Da tsakar rana kana iya jin takardar leda tana jan ciki a kan kwalta. Makarantar ƙwallon yaran da yake aiki ta rufe. Sai ya riƙa ƙure rediyo, ya ƙara da talabijin. Yana cikin cin abinci zai ɗaga kai ya waiwaya hagu, kamar an kira shi, sannan ya saci kallonmu ya ga ko mun lura.

Da aka dawo da wasanni babu 'yan kallo, muka zauna kallo wata la'asar. Fili fayau, kujeru ba kowa, kana jin ihun 'yan wasa da ƙarar ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Bai yi minti goma ba ya tashi ya shige banɗaki ya saki famfo, ya zauna a ciki har aka tashi.

Ranar da aka buɗe masallacin unguwa kuwa, aka manna alama a ƙasa, kowa da dardumarsa, tsakanin mutum da mutum akwai wurin da wani zai iya tsayawa. Ina hagunsa, amma da wannan gurbi a tsakaninmu. Tun a raka'ar farko na ji numfashinsa ya canza. Da muka yi sallama na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ƙura wa gurbin ido, ba ni yake kallo ba.

Bayan kwana biyu ya ce in kai shi filin atisayensu da ke wajen Al-Sadd, zai duba ɗakin kaya, makulli na hannunsa. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ne, rana ta take. Mai gadin filin ya buɗe mana ya koma ɗakinsa mai sanyi. Na zauna a bencin inuwa. Kawu ya fito da ƙwallo ɗaya, ya taka a hankali har tsakiyar fili, ya ajiye ta a gabansa, ya tsaya kamar mai jiran wani.

Sai na ji fito. Kashi biyu ne, gajere sannan dogo mai hawa sama. Daga gefen fili ya zo, ta hagunsa, inda babu komai sai farin layi da ya soma goguwa.

Akwai wasu tsuntsaye a garin nan masu rawayan baki da suke kwaikwayon sauti. Na sha gaya wa kaina su ne. Amma na duba, ban ga ko ɗaya ba. Kawu bai waiwaya ba. Ya sa cikin ƙafa ya tura ƙwallon hagu, a hankali, yadda ake miƙa wa abokin wasa. Ta gangara kamar taku goma sha biyar, ta tsaya cak. Ba raguwa ta yi ba har ta tsaya, tsayawa ta yi lokaci ɗaya, kamar an ɗora mata ƙafa. Ciyawar ta yi tsawo don an daɗe ba a yanke ba, wannan ma na sha gaya wa kaina. A cikin wannan zafin tsigar jikina ta tashi.

Ya dawo bai ɗauko ƙwallon ba. Muka shiga mota, na tayar.

"Ka ji?" ya ce.

"Na ji wani abu, Kawu."

Ya rufe fuska da hannu biyu. "Shekara arba'in," ya ce. "Kai ne na farko."

A nan cikin mota, inji na aiki, ya ba ni labarin. Yana da aboki, layinsu ɗaya, tare suka koyi ƙwallo ba takalmi. Tare ƙungiyar farko ta ɗauke su, ɗaki ɗaya, katifa biyu a ƙasa. Abokin shi ne gwani, ɗan gefen hagu, kuma in yana son a ba shi ƙwallo ba ya ihu, wannan fiton yake yi. Ya yi aure da wuri, matarsa na da tsohon ciki. Sai aka ce wani dillalin 'yan wasa zai zo daga babban birni musamman don ya gan shi. Kawu ya ƙwallafa rai cewa in mutumin ya zo kallon abokin, shi ma ido zai faɗa kansa.

Da safiyar wasan abokin ya zauna a bakin katifa ya dafe ƙirji. Ya ce kwana uku ke nan yana jin kamar an ɗora masa dutse, zai je ya gaya wa likitan ƙungiya.

"Na ce masa kada ya je," in ji Kawu. "Na ce in ka faɗa za su ajiye ka a benci, mutumin ya koma, shi ke nan mun mutu a ƙauyen nan. Na ce tsoro ne kawai. Ni na ɗaure masa igiyar takalmi."

Bayan an dawo hutun rabin lokaci ƙwallo tana ƙafar Kawu, ya ji fiton daga hagu. Ya ɗaga kai zai miƙa, sai ya ga abokin ya durƙusa, sannan ya kife. Kafin a fitar da shi daga fili rai ya yi halinsa. Bayan wata biyu dillalin ya dawo ya ɗauki Kawu.

"Duk inda na je sai in samu lafiya wata shida, wata takwas. Sai wata rana ana atisaye, wuri ya yi shiru, in ji shi. Ya gano inda nake. Sai in ɗauki jaka. Mutane suna cewa kwaɗayi ne da ni, ko rashin kunya. Na bar su su faɗa."

"To a nan fa? Ai ka daɗe."

"A nan akwai sallah, akwai ƙarar gini, akwai surutun gwaggonka." Ya ɗan yi murmushi. "Na zaci ya haƙura. Ashe ƙara ce ta rufe shi."

Matar abokin ta haifi 'ya mace. Kawu bai taɓa ganinta ba, amma ƙanwarsa da ke can tana ba shi labarinta: ta girma, ta zama malamar makaranta, ta yi aure. Da gasar duniya ta matso, ƙungiyar ta ba tsofaffin ma'aikatanta tikiti, sai ya ce zai aika wa 'yar abokin ta zo, zai gaya mata komai.

Ban taɓa ganin Gwaggo ta ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Alhaji, kai ka ji sauƙi, ita kuma fa? Marainiya ta tashi tana cewa ubanta ajali ne ya ɗauke shi. Ajalin ne kuma! Za ka kira ta ƙasar mutane ka cusa mata abin da ba ta nema ba?"

"Haƙƙinta ne ta sani."

"Ka roƙi Allah gafara, ka yi masa sadaka. Shekara nawa muna yi?"

"Allah na roƙa. Ita ban roƙe ta ba."

Kwana huɗu tana ajiye masa abinci ba magana. A na biyar na gan ta ta jiƙa wake mai yawa tana surfawa. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Baƙuwar nan in ta zo ai sai ta ci wani abu."

Ta zo a makon farko na gasar, ita da mijinta. Garin ya cika maƙil, tutoci, ganguna, mutanen ƙasarsu cikin riguna rawaya suna rawa a tashar jirgin ƙasa. Ni na ɗauko ta daga masauki bayan azahar. Mijin ya ce zai jira. Mace ce 'yar siririya mai tabarau, shekarunta kamar arba'in. Da Kawu ya gan ta a bakin ƙofa sai ya dafa bango. Daga baya ya ce min tafiyar ubanta ce sak, har ɗan karkata kafaɗa.

Suka zauna a falo, ni da Gwaggo muna kicin, labule a ɗage kaɗan. Da yarensu suke magana, ba mu jin ko kalma. Shi ya yi ta magana, kansa a ƙasa, hannuwansa a kan gwiwa. Ita ba ta motsa ba. Ƙosan da aka ajiye mata ya huce. Da ya gama sai muka jiyo gangunan wasu 'yan kallo daga babban titi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, sannan ta faɗi wata gajeriyar magana.

Kawu ya ɗago a firgice ya girgiza kai. Ta maimaita. Ya juyo wajenmu, fuskarsa kamar ta yaron da aka kama.

"Wai in yi mata fiton," ya ce. "Wai ba ta taɓa jin muryar ubanta ba. Ba ta da komai nasa sai hoto ɗaya."

Na kalli Gwaggo, wadda ko jikokin maƙwabta ba ta bari su yi fito a matakala. Ta ɗebo ruwa a kofi ta kai masa da kanta, ta dawo.

Ya jiƙa leɓe. Na farko iska ce kawai ta fito. Na biyu ma haka. A na uku ya fito, gajere sannan dogo mai hawa sama, daidai da wanda na ji a fili, har sai da na riƙe ƙofar kicin. Matar ta rufe ido. Ta ce ya sake, ya sake. Sannan ta tattara leɓenta ta gwada. Bai yi ba. Ya gyara mata da hannu, yana nuna yadda ƙarshen ke hawa. Suka yi ta yi, tsoho da malamar makaranta, har ta iya. A lokacin ne kuka ya ƙwace mata.

Da za ta tafi ba ta ba shi hannu ba, amma ta ɗauki ƙosai biyu ta naɗe a takarda. A mota, da muka kusa masaukinta, ta ce min da Turancinta mai tsinkewa, ba ta sani ba ko ta yafe masa. Ta ce in ta koma za ta yi magana da mahaifiyarta, abin da ta ji a zuciyarta za ta rubuto.

Bayan wannan rana Kawu ya kashe rediyo. Ya soma zama a baranda da hantsi shi kaɗai, ba kowa a hagunsa. Na zaci daɗi yake ji. Wata rana na kai masa shayi na tambaye shi ko har yanzu yana ji.

"Babu," ya ce. "Ya bi 'yarsa." Ya juya kofin a hannu. "Ban san zan yi kewarsa ba."

Kullum da safe sai ya tambayi Gwaggo ko saƙo ya shigo wayarta, don lambarta aka ba matar, shi ba ya iya karatu a waya. Aka gama gasa, aka sauke tutoci, baƙi suka watse. Saƙo bai zo ba. Wata Talata bayan ya karya kumallo ya ce zai ɗan kishingiɗa. Gwaggo ta shiga tashinsa sallar azahar ta tarar ya cika. Da yake ba shi da ɗa, ni na shiga kabari na karɓe shi, ni da mai gadin nan ɗan Kumasi.

Washegarin sadakar uku, jama'a sun ragu, Gwaggo ta miƙo min wayarta ta ce wani dogon rubutu ya shigo da Turanci, in karanta mata. Daga 'yar abokin ne. Ba ta san ya rasu ba.

Ta ce ta daɗe tana jin tsoron tayar wa mahaifiyarta da hankali, sai a wannan makon ta iya gaya mata. Da uwar ta ji sai ta yi zaune a ƙasa. Ta ce ai a safiyar ranar, kafin ya tafi fili, mijin ya biyo ta gidan iyayenta inda take goyon ciki, ya gaya mata maganar ƙirjin, ya ce abokinsa ya hana shi zuwa wajen likita amma shi yana ganin zai je. Ita ce ta kama hannunsa ta ɗora a kan cikinta ta ce ya daure ya buga, wannan ce damarsu. Shekara arba'in tana ɗauka ita kaɗai ta kashe shi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce a gaya wa Kawu ba maganarsa ce ta ƙarshe da mijinta ya ji ba. Ta ce ta yafe masa, shi ma ya yafe mata. 'Yar ta ƙara da cewa ita ma ta yafe.

Gwaggo ta sa na karanta sau biyu. Sannan ta yafa mayafinta a kan kayan takaba.

"Tashi ka kai ni."

"Gwaggo, kina takaba."

"Ba zan sauka daga mota ba. Kai za ka shiga. Mutumin nan kullum sai ya tambaye ni, kullum ina ce masa babu."

Maƙabartar tana bayan gari, fili ne fetal, ba itace ko ɗaya. Na bar ta a mota a bakin ƙofa, gilashi a sauke. Na taka har kabarin, ƙasarsa ba ta gama bushewa ba. Na yi sallama, na tsuguna, na buɗe wayar. Ban san ko matattu suna jin irin wannan ba. Malamai sun fi ni sani. Amma na fassara masa saƙon da Hausa, layi bayan layi, da ƙarfi yadda mai nauyin kunne zai ji, ban tsallake komai ba. Da na kai wurin da tsohuwar ta ce shi ma ya yafe mata, sai na tsaya, don babu wanda zai amsa. Na ɗan jira. Sannan na ce, "Kawu, na san ka. Zan rubuta mata in ce ka yafe."

Da na dawo mota Gwaggo ta tambaye ni, "Ka gaya masa duka?"

Na ce duka.

Ta gyaɗa kai, ta ɗaga gilashi. "To mu je gida," ta ce. "Allah Ya ji ƙan Alhaji, Ya sa can ne zamansa na ƙarshe."

Na ce amin, na tayar da mota.